Keɓe Yaro Mai Ciwo: Tarihin Wata Al'ada a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Wanda ya bi titin da ya taso daga Kano, ya ƙetare kogin Wudil ya nufi kudu maso gabas, har ya hango duwatsun Birnin Kudu waɗanda mutanen farko suka bar zanen shanunsu a jikinsu, sa'an nan ya wuce Babaldu ya shiga ƙasar Gwaram ya taɓa iyakar Bauchi, to, ya ratsa ƙasar da ba ta taɓa rabuwa da baƙi ba. A ƙarni na 19 nan ne bakin dagar Kano ta fuskar Ningi, inda garuruwa suka kewaye kansu da ganuwa, jama'a ta cunkushe a ciki saboda tsoron hari. Bayan zuwan Turawa a 1903 kuma hanya ta buɗe wa fatake da almajirai da 'yan ci-rani da Fulani makiyaya, kasuwanni irin ta Sara suka riƙa tara mutanen da ba su san juna ba. Sanannen abu ne kuwa cewa duk hanyar da mutum ya bi cuta ma tana bi, kuma idan ta sauka a gari ƙananan yara take fara nema. Saboda haka tambayar da matan da ke rainon 'ya'yan ma'aikata a gidajensu suke yi a yau, watau yaushe ne ya wajaba a raba yaro mai ciwo da sauran yara, yaushe ne kuma za a mayar da shi cikinsu, tsohuwar tambaya ce wadda kakanni suka yi, malamai suka yi, hukuma ta yi, kowa kuma ya amsa ta gwargwadon iliminsa.

Kafin a fahimci amsoshin nan, lalle ne a fara duban yadda yaro yake tashi a gidan Bahaushe na wancan zamani. A gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa da matansu suke zaune cikin danga ɗaya, yaro ba na uwarsa kaɗai ba ne, balle ɗan fari wanda kunya ke hana ta ko kiran sunansa. Goyo yakan tashi daga bayan uwa ya koma na kishiya, daga nan ya koma na 'yar raino, yarinyar da ba ta wuce shekara bakwai ko takwas ba, wadda za ta zaga da shi gidaje biyar kafin azahar. In ya kai yaye, wajen shekara biyu, a kai shi wurin kaka, wani lokaci a wani gari. In ya ƙara tasawa a ba gwaggo ko kawu riƙonsa. In ya fara magana sosai a sa shi makarantar allo, inda zai zauna gwiwa da gwiwa da tsaransa a zaure ko gindin bishiya, su ci a kwano ɗaya, su sha a moɗa ɗaya, su kwanta a tabarma ɗaya. A cikin gidaje ma akwai dattijan mata masu karatu waɗanda suke tara 'yan mata da ƙananan yara suna biya musu, kuma su ne, in an duba da kyau, magabatan masu raino na yau. Duk wannan tsari alheri ne, domin da shi maraya ya sami uwa, mai jego ta sami hutu. Amma shi ne kuma ya sa ciwon da ya kama yaro ɗaya ranar Asabar yake iya zaga unguwa kafin wata ya mutu.

Ciwon da ya fara koya wa mutane keɓewa shi ne agana, domin ba ya ɓoyuwa kuma ba ya wasa. Yakan faro da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ciwon baya, bayan kwana biyu ko uku ƙuraje su feso a fuska da hannuwa da ƙafafu har tafin hannu, su cika da ruwa, su yi mugunya, su bushe, su bar zanzanar da mutum zai shiga kabari da ita. Mai tsananinsa yakan kashe kusan uku cikin kowane goma da ya kama, waɗanda suka tashi kuma wasunsu sukan tashi da makanta. Tsofaffi, ba tare da sun taɓa ganin ƙwayar cuta ba, sun lura da abubuwa biyu da ba su taɓa saɓawa ba: wanda ya kwana ɗaki ɗaya da majinyaci ko ya yi ta'ammali da tufafinsa shi ne yake biye masa, wanda kuma ya yi ciwon sau ɗaya ya tashi ba ya sake yi har abada. A kan waɗannan biyu suka gina hukuncinsu, watau a ware mai ciwo a ɗaki na ƙurya ko a bukka a bayan gari, a ɗora jinyarsa a kan mai zanzana, a hana yara zuwa wurin, kada kuma ya komo cikin jama'a sai ɓawon ƙurajensa ya zube duka, ya yi wanka, an rabu da tsummokaran da ya kwanta a kansu. Da likitoci suka zo suka bincika, ba su ƙara wani abu a kan wannan iyaka ba, domin sun tabbatar cewa mai agana yana iya harbin wani har sai ɓawo na ƙarshe ya faɗi.

Malamai kuwa ba su rasa hujjar da za su ƙarfafa wannan aiki da ita ba. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gangarar da su mashaya tare da na mai lafiyayyu, ya kuma hana shiga ƙasar da aka ji annoba ta sauka, da fita daga cikinta don gudu ga wanda ta riska a can. Muslim ya ruwaito labarin kuturun da ke cikin tawagar Saƙifawa, wanda aka aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma abinsa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, akwai labarin Sayyidina Umar da wata kuturwa da ya gani tana ɗawafi, ya shawarce ta da ta zauna a gidanta don kada ta cutar da mutane. Akwai kuma labarin komowarsa daga Sargu a kan hanyar Sham lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, sa'ad da Abu Ubaida ya tambaye shi ko ƙaddarar Allah yake gudu, shi kuma ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Shehu Halilu a Muhtasar ya lissafa kuturta cikin uzurorin da ke sauke wa mutum halartar Juma'a da jam'i. Game da hadisin da ya kore yaɗuwar cuta kuwa, malamai da yawa sun haɗa shi da waɗannan da cewa cuta ba ta ƙetarawa da ikon kanta, sai dai Allah ya sanya cuɗanya ta zama sababi, riƙo da sababi kuma ba ya warware tawakkali. Idan har za a sauke wa baligi Juma'a don kada ya cutar da sahu, to, sauke wa yaro karatun kwana biyar don kada ya cutar da makaranta ya fi sauƙi.

Amma addinin da ya yi umarni da wannan shi ne kuma ya sanya dubiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, Hausawa kuma suka ce zumunta a ƙafa take. A tsakanin waɗannan abubuwa biyu masu kyau ne al'adar keɓewa ta riƙa samun giɓi, kuma ba inda giɓin ya fi bayyana kamar a wajen ƙyanda. Idan baƙon dauro, watau ƙyanda, ya sauka a gida, galibi daga hunturu zuwa bazara, za ka tarar da yaron a ƙuryar ɗaki, an saki asabari an toshe taga da tsumma don kada iska ta buge shi, idanunsa sun yi jawur sun cika da kwantsa, hanci na zuba, leɓɓa sun tsattsage, tari ya ƙi tsayawa. Ba a yi masa wanka, ba a ba shi nama, sai kunun tsamiya da jiƙe-jiƙe, ana kuma gudun allura bisa imanin cewa ciwon ba ya son ta. Babban burin kowa shi ne ƙurajen su fito sarai, domin an ɗauka in suka koma ciki sai kisa. An hana shi fita, gaskiya ne, amma ba a hana kowa shiga ba. Maƙwabta ne ke zuwa bi da bi, kowace da goyonta, ta kwance shi ta ɗora a cinya, ta ce: "Sannu, yaya mai jiki? Allah ya sawwaƙe," a taɓa hira, ta tashi ta tafi da ladanta da kuma abin da ba ta sani ba. Bayan kwana goma ko goma sha biyu nata ɗan ya fara zazzaɓi, sai a ce iskar bana ce.

Kuskuren da ke cikin wannan ba na niyya ba ne, na lissafin kwana ne, lissafin kuwa ya daɗe kafin ya samu ga 'yan Adam baki ɗaya. Abubakar Arrazi, likitan Bagadaza wanda ya rasu wajen shekarar 925, shi ne ya fara rubuta risala mai bambanta agana da ƙyanda ta fuskar alamominsu. Amma sai a 1846 wani likitan ƙasar Denmak mai suna Peter Panum ya ƙidaya kwanakin ƙyanda, sa'ad da ta shiga tsibiran Faro ta kama mutum wajen 6,000 cikin ƙasa da 8,000. Da yake ƙauyukan tsibiran suna nesa da juna, ya iya bin sawun ciwon daga gida zuwa gida, ya gano cewa kwana goma sha huɗu ne tsakanin haɗuwa da mai ciwo da fitowar ƙuraje, kuma tsofaffin da suka yi ciwon a 1781, shekara 65 kafin nan, bai sake taɓa su ba. A yau an san cewa mai ƙyanda yana harbin wasu tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito har kwana huɗu bayan fitarsu, ƙwayar tana iya zama cikin iskar ɗaki har sa'a biyu bayan ya fita, kuma cikin yara goma marasa rigakafi da suka zauna da shi tara za su kamu. Ma'anar wannan ita ce, ranar da aka saki wa yaro asabari, ya riga ya yi kwana huɗu yana tari a tsakiyar makaranta ana ce masa mura yake yi. Hukuncin da ya yi daidai a kan agana, wadda ba ta cika harbi ba sai ta bayyana, da aka ɗora shi a kan ƙyanda sai ya zo a makare.

Zamanin Turawa ya zo da doka, amma bai zo da yarda ba. A watan Satumba na 1918 murar da ta game duniya ta sauka a Ikko daga jirgin ruwa, jirgin ƙasa da ya iso Kano tun 1911 ya hauro da ita Arewa, ta zama annobar da tsofaffi suke kira marisuwa, wadda aka ƙiyasta ta kashe wajen rabin miliyan a Nijeriya. Hukuma ta kafa dokar lafiyar jama'a a 1917 da dokar killacewa a 1926, aka ɗora wa dagatai da masu unguwanni kai rahoton agana da sanƙarau ga hakimi, En'e ta ɗauki duba-gari da masu lamba, watau masu rigakafin agana, suna bin gari gari, Birnin Kudu da Gwaram kuma a lokacin gundumomi ne na En'en Kano. Sai dai maganin lambar na farko ba ya jure zafi, sau da yawa yakan lalace a hanya, a tsaga wa yaro dantse a banza, agana ta zo ta kama shi duk da haka. Ga tsoron kada a ɗauke majinyaci a kai shi inda danginsa ba za su gan shi ba. Ga kuma zargin cewa duk ƙidayar da hukuma ke yi haraji take nufi. Sakamakon haka, da zarar an ji masu lamba sun sauka, sai a ɓoye yara a rumbu ko a tura su gona, mai ciwo kuma a fitar da shi da dare zuwa ƙauyen dangi, ciwon ya bi shi can. Darasin wannan zamani bai tsufa ba: duk keɓewar da aka gina a kan tsoratarwa ɓoyo take haifarwa, ɓoyo kuwa ya fi cuɗanya ɓarna.

Abin da ya kashe agana shi ne haɗuwar tsohon hukunci da sabon magani. A 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa yaƙi da ita, aka kuma fara wani shiri a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da taimakon Amurka, da busasshen maganin da zafi ba ya lalatawa, da bindigar allura wadda ake taka ta da ƙafa ta yi wa ɗaruruwa cikin sa'a guda. Hakimai da dagatai suka sa aka yi shela, jama'a ta yi layi a ƙofar fada da bakin kasuwa, aka yi wa kowa ta agana, ƙananan yara kuma aka haɗa musu da ta ƙyanda. Tun a watan Disamba na 1966 wani likita mai suna William Foege, wanda magani ya yi wa ƙaranci a ƙasar Ogoja, ya gwada wata dabara: maimakon a bi kowa da kowa, a nemo inda mai ciwo yake, a tsare shi, a yi wa mutanen gidansa da na ƙauyensa da na kasuwar da suke ci rigakafi. Dabarar ta ci, aka ɗauke ta ko'ina. A watan Mayu na 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a wannan yanki na Afirka, a nan Nijeriya. A watan Oktoba na 1977 aka ga na ƙarshe da ya kamu ta hanyar yaɗuwa a cikin jama'a, a garin Marka na Somaliya. Ranar 8 ga Mayu 1980 aka shelanta cewa ta ƙare a duniya. Wanda duk ya haura shekara hamsin da biyar a Birnin Kudu ko Gwaram, in ya duba dantsensa, mai yiwuwa ne ya ga tambarin wancan aiki. Ƙyanda kuwa ta tsira, saboda tana harbi kafin a gan ta, kuma kowace shekara ana haifa mata sababbin waɗanda za ta kama.

Sauran annobai ma ba su daina ziyara ba. Sanƙarau, wanda ke zuwa da ƙurar rani ya tafi da saukar ruwan fari, ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya a 1996, ya kashe fiye da 11,000. Jigawa na cikin jihohin farko da aka yi wa sabuwar allurarsa a ƙarshen 2011, haka kuma a 2024 da aka fito da wadda ta haɗa iri biyar. Kwalara ta shigo ƙasar nan a ƙarshen 1970, ta kuma yi ɓarna a Jigawa a daminar 2021. Mashaƙo, wanda aka ɗauka ya zama tarihi, ya sake tasowa a Kano daga ƙarshen 2022 ya watsu zuwa maƙwabta, galibi a cikin yaran da ba a yi musu rigakafi ba. A 2020 kuma, lokacin korona, an rufe makarantun boko da na allo, jihohi suka riƙa mayar wa juna almajirai, Jigawa ta tsare nata a sansanin masu hidimar ƙasa na Fanisau kusa da Dutse kafin a sada su da iyayensu. Wannan shi ne karo na farko da mutane da yawa suka ga an keɓe yaron da ba ya ko atishawa, don kawai ya fito daga inda ciwo yake.

A tsakiyar waɗannan shekaru ne rainon yara ya tashi daga zumunci ya zama sana'a. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 ya fara janye 'yar raino zuwa aji; ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 ya ƙara yawan ma'aikata; Birnin Kudu kuma, da yake tana da asibitin tarayya da makarantar koyon aikin jinya da kwalejin gwamnati da sakatariyar ƙaramar hukuma, ta tara mata masu aikin jinya da ungozomomi da malaman makaranta, waɗanda da yawansu daga wasu garuruwa suka zo, ba kaka kusa, ba gwaggo. In hutun haihuwa ya ƙare, sai a nemi wata dattijuwa ko matar aure a unguwa wadda za ta riƙe yaro daga safe zuwa azahar a kan wani abu da za a ba ta ƙarshen wata, yarjejeniyar kuma galibi ta baka ce. A ɗaki ɗaya za ka ga jariri ɗan wata huɗu da mai rarrafe da ɗan shekara uku, daga gidaje dabam-dabam, watau irin cakuɗar da cuta ta fi so. Nauyin da a dā yake kan dagaci da duba-gari ya komo kan wannan mata, a bakin ƙofarta, da ƙarfe bakwai na safe, sa'ad da uwa ta sauko daga babur da jaka a kafaɗa tana kwance goyo.

"Inna, ina kwana? Ga ɗanki nan, na makara, yau ni ce da aikin safe."

Dattijuwar ta karɓe shi, ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, ta leƙa bayan kunnensa, ta ɗaga rigarsa ta dubi ƙirji.

"'Yar nan, jikin yaron nan da zafi, ga idonsa ya yi ja. Tun yaushe?"

"Tun daren jiya ne, Inna, amma na ba shi farasitamol ya yi barci. Haƙori yake fitarwa."

"Allah ya sa haƙorin ne. Amma akwai jarirai biyu a ɗakin nan da ba su kai wata tara ba, ba a yi musu allurar ƙyanda ba. Ki yi haƙuri, ki kai shi a duba shi tukuna."

Ba kowace mai raino ce take iya furta wannan magana ta ƙarshe ba. Wata kunya ce ke rufe mata baki, domin uwar yaron 'yar ƙawarta ce ko matar mai gidan da take haya. Wata tsoron rasa kuɗin wata ne. Wata kuma tausayi ne, don ta san in matar nan ta koma da yaron za ta sha faɗa a wurin aiki. Sai ta karɓe shi ta shimfiɗa masa tabarma a gefe, alhali gefe a ɗaki ɗaya ba keɓewa ba ne. Kunya tana cikin imani, babu shakka, amma wadda ta sa aka sayar da lafiyar yara shida don a kare fuskar mutum ɗaya ba ita shari'a ta yaba ba, domin yaran nan amana ne, kuma fuƙaha'u sun ƙa'idance cewa tunkuɗe ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani.

Abin da mai raino ta yau ta fi kakarta da shi shi ne lissafin kwana, kuma lissafin ba shi da wuya. Yaro mai zazzaɓi ya zauna gida har zafin ya sauka ya kwana ɗaya cur bai dawo ba, ba tare da magani ne ya danne shi ba. Mai amai ko gudawa ya ƙara kwana biyu bayan na ƙarshe, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari, in kuwa gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa ko ta zo da jini, asibiti za a nufa nan take. Mai ƙyanda kada ya dawo sai kwana huɗu sun cika bayan fitowar ƙuraje. Mai ƙarambau sai duk ƙurajensa sun bushe sun yi ɓawo, abin da yakan ɗauki wajen kwana biyar ko fiye. Mai hangum sai kwana biyar bayan kumburin. Mai tarin shiƙa sai ya yi kwana biyar yana shan maganin likita, in bai sha ba kuwa sai mako uku. Mai ƙazwa da mai makero sukan dawo da zarar an fara yi musu magani, da sharaɗin a raba musu tawul da mataji da shimfiɗa. Zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, ko ciwon maƙogwaro tare da kumburin wuya da wahalar numfashi, ko suma, waɗannan ba a jiran uwa ta taso daga aiki, a kira ta a waya ana kan hanyar asibiti, kuma ba a mayar da yaron cikin yara sai da izinin likita.

Kamar yadda al'ada ta makara a wani wuri, haka ta wuce gona da iri a wani, kuma adalci ya wajabta a faɗi wannan. An daɗe ana gudun yaro mai farfaɗiya bisa zaton cewa yawunsa yana harbi, har a watse a bar shi yana bugun ƙasa, a cire shi daga makaranta, alhali farfaɗiya ba ta yaɗuwa ko kaɗan. Haka sikila, gado ce daga iyaye biyu, ba a ɗaukar ta a kwano. Zazzaɓin cizon sauro ba ya tashi daga yaro ya kama na kusa da shi ta numfashi ko taɓawa, don haka in gwaji ya tabbatar shi ne, aka fara magani, jiki ya yi ƙarfi, babu dalilin tsarewa. Yaro mai ƙanjamau ba ya harbin kowa ta wasa ko cin abinci tare, mai kuturta ma in ya fara shan magani ya daina harbi. 'Yar mura mai sauƙi wadda ba zazzaɓi a tare da ita ba ta hana zuwa. Korar waɗannan zalunci ne, kamar yadda karɓar waɗancan sakaci ne, kuma duka biyun rashin sani ne ya haife su.

Saboda haka, ya ke mai raino, ki faɗi sharuɗɗanki tun ranar da aka fara kawo miki yaro, sa'ad da kowa ke cikin fara'a, domin sharaɗin da aka yi da lafiya ba ya zama cin fuska ranar ciwo. Ki nemi ganin katin rigakafi, ki tabbatar an yi allurorin mako shida da goma da goma sha huɗu waɗanda ke kare mashaƙo da tarin shiƙa, da ta ƙyanda ta wata tara da ta wata goma sha biyar, dukkansu kyauta ne a asibitocin gwamnati. In ciwo ya ɓulla a ɗakinki, ki sanar da sauran iyaye a ranar, ba tare da kin kama sunan kowa ba. Ke kuma uwa, kada ki danne zazzaɓi da magani ki miƙa yaro ki yi shiru, domin alhakin jaririn da zai kamu yana wuyanki. In za ki dubiya kuma, ki bar goyonki a gida. Malaman allo da na Islamiyya su ma wannan hukunci ya hau kansu, shugabannin ma'aikatu kuma su sani cewa uwar da aka hana kwana biyu ta yi jinyar ɗanta, ɗakin raino za ta kai shi. Kwana huɗu ko biyar na yaro ɗaya a gida ya fi arha a kan makon da unguwa guda za ta yi a gadon asibiti.